Tsumman Gahawar Sale

Tun ran da na dawo daga ƙasar Faransi, wato Kamaru, ban sami sakewa ba. In na zauna a rumfar dillalai ran Juma'a, kafin a kawo san farko wani ya matso: "Ɗanjuma, wai da gaske ne can mata ke noma?" In na je ɗaurin aure garin Indabo, sai a bar ango a kewaye ni. Na ba da labarin nan har ya fara sake kama a bakina. Shekaranjiya na ji kaina ina cewa na ga dutsen da ke gogar wata, alhali ban gani ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, tun ƙaryar ba ta rinjayi gaskiyar ba. Bokona na ajin yaƙi da jahilci ne, rani biyu kacal, kuma malaminmu ya ce rubutuna kamar kaza ta bi ta kan toka. Wanda ya ga harafi a kwance, ya taimaka ya tashe shi.

Ba fatauci ya kai ni ba. Tsiyata ce ta kai ni.

Ina da ƙane, Sale, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara talatin da suka wuce yana neman wata yarinya a Utai, aka sa ranar da zai je gai da ubanta. Da safen nan na sami wandonsa sabo a rataye, na ɗebo ƙaiƙayin gero cikin tafin hannu na barbaɗa a ciki. Sale ya je ya durƙusa gaban dattawa, ana cikin gaisuwa abu ya fara aiki. Ya daure, ya muskuta, ya sosa da gwiwar hannu, daga ƙarshe ya tashi a guje ya faɗa kududdufin bayan gari da rigarsa da hularsa. Kafin sati 'yan mata sun sa shi a waƙar gaɗa, suna ce masa Sale Mai Susa. Yarinyar ta ce ba ta auren abin dariya. Wata safiya aka duba ɗakinsa ba shi, ba tabarmarsa. Tun daga ran nan ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Sai bara waccan da kaka wani mai koren shanu ya sauka kasuwarmu ta Wudil, muna hira ya ce ya san wani Bawudile a Fumban, can cikin Kamaru ta Faransi, ana ce masa Malam Sale Kuku, yana da ɗan tabo a gira. Na kai wa Inna labari ina murna. Inna ta tsufa ƙwarai, ido ya tafi, sai an ɗaga ta take tashi.

Ta ce, "Ido ya tafi, ƙafa ta tafi, saura kunne. Ina so in ji muryar Sale kafin a rufe ni. Kai ka kore shi, kai za ka dawo da shi."

Na ce, "Inna, ai wasa ne na yi."

Ta ce, "To je ka gaya masa wasa ne."

Na hau mota a bakin gada, a kan buhunan gishiri, ni da mutum wajen ashirin da akuya ɗaya. Ban taɓa wuce Birnin Kudu ba a duniya, amma kafin mu kai Darazo na gaya wa kowa a motar na san hanyar nan kamar yunwar cikina. A Gwambe muka kwana biyu ana gyaran ƙafar mota. Direbanmu wani dogon mutum ne mai ƙarancin magana, wanda in na yi masa tambaya goma sai ya amsa ta farko kawai.

A Numan bakina ya fara mutuwa. Ni ɗan bakin kogi ne, kuma duk hanya ina cika baki da kogin Wudil, ina cewa da damina ba a hango ƙetarensa. Da na ga Binuwai na gane abin da muke da shi a gida ruwan alwala ne. Ina tsaye ina kallo sai na ga direba ya tuƙa motar, da gishirinta da akuyarta, ya hau da ita kan wani faffaɗan jirgi. Mota a cikin jirgi, jirgi a kan ruwa. Na ce ni kam a bar ni a nan, in sun nutse a sami mai ba da labari.

Direba ya ce, "Ba kai ne ka san hanya ba?"

Na hau. Na karanta duk abin da na haddace tun ina yaro, ya ƙare tun ba mu kai tsakiya ba, na sake daga farko.

Bayan Yola muka iso kan iyaka. Ba ganuwa, ba ƙofa, sanda ce kawai aka gitta a hanya da wata 'yar rumfa. Can gefen Faransi wani ma'aikaci mai jar hula ya ce kowa ya naɗe hannun riga ya nuna lambar rigakafin agana. Ni kuwa duk zuwan da masu lamba suka yi Wudil a cikin rumbu suke barina. Amma ina da tabon cizon jaki a dantse, na tun ƙuruciya. Na miƙa masa da ƙarfin hali. Ya duba, ya juya hannun, ya ce da Hausarsa mai ɗanɗanon Fulatanci, "Baba, likitan da ya yi maka wannan haƙoransa manya ne." Nan take aka zaunar da ni a kan akwati aka tsaga ni gaban mata da yara. Abin da na guje wa shekara da shekaru, a ƙasar wasu aka yi mini shi ana dariya.

Muna wuce sandar sai direba ya bar hannun da ya saba bi ya koma ɗaya hannun. Na hango wata mota tana tahowa, na fara buga rufin da tafin hannu ina cewa mutumin nan ya yi barci. Ashe haka dokar Faransi take, su ta dama suke bi. Motar ta wuce mu salin-alin. Na yi ta tunanin wannan har Garwa: ƙasa ɗaya, itatuwa iri ɗaya, Fulani iri ɗaya, amma sanda guda ta sa dama ta zama daidai, hagu ta zama laifi.

A Garwa na ga burodi dogo kamar sandar makiyayi, mutane na saɓa shi a hammata ba ko kunya. Daga nan hanya ta yi ta hawa har Ngaundere, inda sanyi ke shiga ƙashi da rana tsaka. Na sauka gidan wani wanzami Bakano wanda ya shekara ashirin a can, bai tambaye ni ko sunana ba sai da na ci na ƙoshi. Shi ya kai ni kasuwar shanunsu. Jama'a, na yi shekara arba'in ina dillanci, na ɗauka na san sa. Shanun can gajerun ƙaho ne, tozo kamar tulu, ƙirji kamar ƙofar zaure. Na zagaya wani bijimi sau uku ban ce uffan ba. Wanzamin ya ce tun safe sai yanzu ya ji daɗin zama da ni.

Daga Ngaundere zuwa Tibati, zuwa Banyo, ba abin da zan faɗa sai turin mota. Mun tura ta a laka, mun tura ta a hawa, har na fara tunanin mu ya kamata direba ya biya. Ran kwana na goma sha tara muka shiga Fumban.

Garin nan ya ba ni mamaki. Gidan sarkinsu bene ne na jan bulo, hawa kan hawa, kuma aka ce mutanen garin ne suka gina shi da hannunsu. Wani dattijo a bakin masallaci ya nuna mini takarda da rubutun da ba ajami ba, ba boko ba, nasu ne na kansu. Ni da na sha wuya kan haruffan wasu, na riƙe takardar nan da hannu biyu. Mata kuwa ga su nan da fartanya a kafaɗa, goyo a baya, suna tafiya gona suna gaisawa da maza ido cikin ido. A unguwar Hausawa aka haɗa ni da mai nuna mini hanya zuwa gidan Malam Sale Kuku, can bayan gari a gindin tudu.

Na same shi yana shanya wasu 'ya'yan itace a kan tabarmi. Da ya ɗago sai na ga mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da gemunsa fari da komai. Ni a raina yaro ɗan shekara ashirin na zo nema. Ya dube ni, na san ya gane ni, don hannunsa ya tsaya.

Ya ce, "Sannu da zuwa, Malam Ɗanjuma. Ina gajiya? Ina hanya? Ina mutanen gida?"

Gaisuwa cikakkiya, ba abin da ya rage a ciki, irin wadda ake yi wa baƙon da ya zo sayen akuya. Tun yana koyon magana Yaya yake ce mini. Wannan "Malam" ɗin ya fi tsagar kan iyaka zafi.

Na isar da saƙon Inna kalma-kalma. Ya daɗe yana juya 'ya'yan itacen nan da hannu, sannan ya ce, "Na ji. Yanzu lokacin tsinka ne." Bai ce zai je ba, bai ce ba zai je ba.

Matarsa Adija, 'yar garin ce, ta koyi Hausa a kasuwa. A gida matar ƙane ko inuwar wan miji ba ta takawa, amma ita ta ajiye mini tuwon masara da wani ganye da manja, ta zauna nan kusa tana kallon yadda zan yi da shi. Ta kawo dafaffiyar ayaba, na ce mu a wurinmu ba a dafa ayaba. Ta ce, "Yaya, a wurinku akwai ayabar?" Na sunkuyar da kai na ci. Ita ta gaya mini Sale ya shekara goma sha takwas yana dafa wa wani Bafaranshe mai gonar gahawa abinci, da mutumin ya koma ƙasarsu shi kuma ya dasa tasa 'yar gonar.

Kashegari bayan sallar asuba na ga abin da har yau in na rufe ido nake gani. Sale ya fito da kasko, ya zuba ƙwayar gahawa, koriya-koriya kamar wake, yana juyawa a kan garwashi har ta yi launin bayan doki, tana ƙara ƙas-ƙas. Ƙamshi ya tashi. Ban san da me zan kwatanta shi ba. Kamar gyaɗa na soyuwa a ɗakin da aka turara, amma ya fi haka nisa. Ya daka a ɗan turmi, bai kai gari ba, bai tsaya a tsaki ba. Sannan ya ciro wani tsumma daga cikin kwanon ruwa, ɗinkakke kamar 'yar jaka a jikin zoben waya, ya ɗora a bakin wata 'yar tukunya. Ya sauke shantali daga wuta, mai siririn wuya, bai zuba ba, ya ajiye shi yana motsa leɓe. Ƙulhuwallahu yake karantawa, ƙafa uku, don ruwan ya sauka daga tafasa.

Ya ɗiga ruwa kaɗan, iya abin da zai jiƙa garin, ya tsaya. Sai garin nan ya kumbura. Ya taso a hankali kamar ƙullin waina da ya kwana, yana huci, ƙananan idanu na buɗewa a kansa suna rufewa. Abu busasshe, ƙonanne, dakakke, ga shi yana numfashi. Na ce, "Sale, da rai a cikinsa?" Bai kula ni ba. Da ya lafa sai ya fara zuba ruwan siriri kamar zare, yana zagayawa daga tsakiya zuwa gefe, daga gefe zuwa tsakiya, hannunsa ko rawa ba ya yi. A ƙasa kana jin ɗis, ɗis, ɗis. Duk gidan ba mai magana, har kaji kamar sun sani.

Ya miƙo mini a ɗan kofi. Baƙi ne wuluk amma garau, kana hango gindin kofin ta gefe. Na kurɓa. Ɗaci ya fara zuwa, na ce a raina duk wannan hidima don maɗaci. Kafin in gama tunanin sai wani abu ya biyo baya, ɗan tsami-tsami, ɗan zaƙi-zaƙi, ya zauna a maƙogwaro har hantsi. Ran nan na tsinki gahawa kwando biyu, na ba itatuwan gonar labarin Wudil kaf.

Kwana biyar muna haka. Da safe gahawa, da rana tsinka, magana kuwa ba ta wuce "miƙo kwandon nan" ba. Na rasa ta inda zan ɓullo masa. Ni abin da na iya shi ne baki, shi kuma bakin nawa ne ba ya son ji.

Ran na shida bayana ya riƙe, suka tafi gona suka bar ni a gida. Ina zaune idona ya faɗa kan tsumman nan a cikin kwanonsa. Ya yi baƙi ƙirin kamar abin goge gindin tukunya. Na ce, kai, ɗan'uwana, ɗan Inna mai wanke ƙwarya sau uku, shi ke shan abin da ya bi ta wannan? Lallai rashin dangi ne a kusa. Na ce yau zan yi masa alherin da zai gani da idonsa. Na ciro sabulun salo da na taho da shi, na sauka rafi. Na saɓa, na cuɗa, na buga a kan dutse, na sake saɓawa. Baƙin ya ƙi fita, na ƙara da yashi. Na sami bula, shuɗin nan na wanki, a ɗakin Adija na tsoma shi. Na shanya a rana, na ninke shi tsaf na ɗora a kan kwanon. Wallahi ko rawanin limami bai fi shi haske ba. Har na ƙagara gari ya waye.

Da safe Sale ya miƙa hannu cikin kwano, ya tsaya. Ya ɗaga tsumman ya duba ta hasken ƙofa. Ya ɗora shi ya yi yadda ya saba. Ruwan bai tsaya ba, ya zube ƙasa sharr kamar ta rariya, da gari da komai, ga wata 'yar kumfa mai shuɗi-shuɗi a sama. Ya kai baki, ya juya ya tofar.

"Wa ya taɓa wannan?"

Na ce, "Ni ne. Ka ga yadda ya fito?"

Adija ta dafe kai. Ashe ba a kai masa sabulu ko kusa, da ruwan zafi kawai ake ɗauraye shi, baƙin nan kuwa shi ne daɗinsa. Ashe kuma wani yadi ne mai laushi mai gashi-gashi da ake kawowa daga bakin teku, Bafaranshen ya bar masa 'yan ƙyallaye, wannan ne na ƙarshe. Ni kuma na kankare gashin da yashi, na buɗe saƙar a kan dutse.

Sale bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Shekara talatin. Na zaci tsufa ya yi maka magani."

"Sale, na rantse alheri na nufa."

"Wancan karon ma cewa ka yi wasa ka nufa. Kai kullum abin da ka nufa kake dubawa. Ba ka taɓa tsayawa ka dubi abin da ya sami mutum ba." Ya ajiye kofin. "Motar Banyo na tashi ran Laraba. Ka gai da Inna."

Ran nan Asabar ce. Ya ɗauki kwando ya fita. Na zauna a bakin murhu ina tunanin yadda zan shiga ɗakin Inna in yi sallama da murya ɗaya. Duk tsiyar da na shuka a duniya na tsira da ita, sau ɗaya da na yi abu don Allah shi ne zai kashe ni.

Adija ta dawo ɗaukar ruwa ta same ni. Ta ce, "Yaya, kuka kake?"

Na ce, "Hayaƙi ne."

Ta dubi murhun, ko garwashi babu. Ta ce, "Kada ka bi shi da magana, maganarka yake tsoro. Ka dafa masa gahawa."

"Da wane tsumman?"

Ta ce yadin kasuwa sabo ba ya yi, sai wanda ya sha jiki ya yi laushi, saƙarsa kuma a matse. Tana faɗa tana ƙare wa taguwata kallo. Ta sa hannu ta zazzago aljihun gefe, na yadin akoko, wanda ya fi wasu 'ya'yana shekaru. Ta ce, "Wannan ma ga shi an riga an ɗinke." Kafin in ce wani abu ta sa wuƙa. Ta tafasa shi sau uku a ruwa zalla, ta sake tafasa shi da tsohon garin gahawa har ya yi ja, ta ɗinke shi a zoben wayar. Ni kuma na koma yawo da rami a kwiɓi, iska na shiga.

Kwana uku tana koya mini a bayan madafa da la'asar, da fasassun ƙwayoyin da aka tsince aka ware. Na farko na ƙona su. Na biyu na daka har ya zama gari, ruwa ya ƙi wucewa. Zuba ruwa kuwa, sai in tuntsura shantalin gaba ɗaya.

Ta ce, "Yaya, ba jaki kake shayarwa ba."

Ta ce in karanta Ƙulhuwallahu uku kafin in zuba. Na karanta. Ta ce, "Har ka gama? Malam uku yake yi, kai bakwai za ka yi."

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne tsayawar nan bayan ɗigon farko, lokacin da garin ke kumbura. Ba abin da ake so ka yi sai ka tsaya. Hannuna ƙaiƙayi yake, bakina ƙaiƙayi yake. A nan na gane tun da nake ban taɓa barin wani abu ya gama abin da yake yi ba. Mai saye bai gama tayi ba na katse shi, mai sayarwa bai gama ƙi ba na sallama masa. Ran Talata na tsaya. Na ga ya taso, ya yi numfashinsa, ya kwanta don kansa. Adija ta ɗanɗana ta ce, "Ba za ta kashe mutum ba."

Ran Laraba da asuba na ɗaure kayana na ajiye a bakin ƙofa. Kwana huɗun nan Sale a tukunya yake tafasa gahawarsa ya sha da gari-gari, fuska a murtuke. Ya fito ya tarar na hura wuta, na soya, na daka. Ya dubi aljihuna a bakin tukunya, ya dubi ramin taguwata, ya zauna a kan turmi. Ni babba na durƙusa a gabansa. Na sauke shantali, na yi bakwai ɗina. Na ɗiga ruwan farko, garin ya fara tasowa.

A cikin tsayawar nan maganar ta fito, ban shirya ta ba. Na ce, "Sale, ba wasa ba ne. Yarinyar nan ta Utai ni na fara ganinta a kasuwa, ita kuma kai ta gani. Baƙin ciki ne ya sa ni. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Inna. Ka yafe mini."

Bai dube ni ba, garin yake kallo. Ya kumbura ya gama, ya kwanta. Can Sale ya ce, "Ruwanka zai huce. Zuba."

Na zuba. Hannuna na rawa, zaren ruwan na yankewa yana dawowa, amma na zagaya har ya ƙare. Na miƙa masa da hannu biyu. Ya shinshina. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Ya sake kurɓa.

Ya ce, "Shekara nawa goro ke kwana a aljihun nan?"

Adija ta tuntsire da dariya daga ƙofar madafa. Na ce ai sau huɗu aka tafasa shi. Ya ce ko sau arba'in ne, wannan gahawar da goro aka yaye ta. Amma bai ajiye kofin ba sai da ya ga gindinsa. Ya goge gemu, ya daɗe yana kallon ƙunshin kayana.

Ya ce, "Yaya, ba ka iya ba. Hannunka na rawa kamar na mai satar kaza. Mai da kayan nan ɗaki. Saura kwana tara mu gama tsinka, ba zan bar wa Adija ita kaɗai ba. Ka ce idon ya tafi duka?"

Na ce, "Duka."

Ya tashi ya ɗauki kwanduna biyu, ya miƙo mini ɗaya.

Dawowa ba ta da labari mai yawa, don wanda ya san hanya ne ke gaba, ni ina biye. A Numan ma ban yi gardama ba. Abin da na lura kawai, tun daga Birnin Kudu Sale yake ta kallon kukoki da karan dawa a gonaki. Da muka hango gada ya ce, "Kogin ya ƙanƙance." Na ce masa kogin na nan yadda yake, shi ne ya ga Binuwai.

Mun shiga gida da hantsi. Inna na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, an jingina ta da bango tana shan rana. Na buɗe baki zan yi shela, Sale ya riƙe mini hannu. Ya tuɓe takalmi, ya matsa, ya durƙusa.

Ya ce, "Salamu alaikum, Inna."

Ba ta amsa ba. Ta karkata kai gefe ta ce, "Sake."

Ya sake. Ta miƙo hannu tana lalube, ta sami hularsa, ta sauko goshi, ta tsaya a kan tabon gira, ta gangaro har ta cika hannu da gemu. Ta ja shi kaɗan, kamar mai duba ko na aro ne.

Ta ce, "Wa ya ba ka izinin tsufa?"

Sale ya kifa kai a gwiwarta. Ni kuma na ga abin ya yi nauyi, na gyara murya na fara, "Inna, in kin ji wahalar da na sha a kan iyaka..."

Ta ce, "Ɗanjuma, tashi ka ba mu wuri. Shekara talatin taka nake ji."

Na fita na zauna a zaure. Ta cikin katanga ina jiyo muryarsa, ƙasa-ƙasa, tana tsayawa tana ci gaba, ita kuma tana cewa, "Sai kuma me?" Maƙwabta suka taru suna tambayata yaya hanya, na ɗaga musu hannu na ce su dawo gobe. A nan na zauna har aka kira azahar.